Alhamis Ɗin Gidanmu

Torunn, ki yi haƙuri da na dame ki. Na san ba ki da lokacin karatu, ke da rabin kwanakinki suke ƙarewa a bakin gadon ɗanki Sindre. Na yi ta neman maganar da zan faɗa miki, duk wadda na ɗauko sai ta yi mini ƙanƙanta, ko ta yi nauyi. Shi ya sa na ciro waɗannan shafuka daga abin da nake rubuta wa kaina. Ban gyara komai ba, har wuraren da na ji kunya. In kin gaji ki tsallaka zuwa na ƙarshe, a can roƙona yake.

Litinin, 13 ga Janairu, ƙarfe tara na safe

Yau 'yata Ilwad ta koma makaranta. Na raka ta har ƙofa kamar 'yar aji ɗaya, alhali tana aji huɗu, kuma ba ta ce in koma ba. Gari bai gama wayewa ba. An zuba yashi a hanyar gada. Sai yanzu aka zuba, bayan hatsarin motar da ya rutsa da ɗana Guled da Sindre.

Tun kafin Asuba na dafa shinkafa da naman rago, na soya samosa, na sa tukunyar a jaka. Niyyata daga makaranta in wuce gidan su Torunn. Yadda aka tashe ni, in abu ya sami gida ba a neman izini, zuwa kawai ake yi a zauna. Amma na daɗe a garin nan, na sha yin kuskure, na koyi tambaya. Sai na tsayar da Oddny, malamar ajin su Ilwad, a bakin ɗakin rataye riguna.

Na ce, "Oddny, ina so in je in gaishe su. Ya dace?"

Ta riƙe hannuna da hannuwanta biyu. Idonta ya yi ja. Ita ta koyar da Sindre, ita ta koyar da Guled ɗina, a aji ɗaya, a benci ɗaya. Ta ce, "Deka, da ni ce ke, da na ba su sarari. Mu in abu ya same mu shiru muke so. Ki bari su neme ki da kansu."

Na ce to.

Na dawo da tukunyar gida. Guled bai buɗe ƙofarsa ba.

Litinin, bayan La'asar

Ilwad ta ce ba kowa a kujerar ƙawarta Vilde, 'yar Torunn. Ta karɓar mata aikin gida, ta rubuta sunanta a kai, ta zana mata kyanwa a gefe. Ta tambaye ni ko za mu kai mata. Na ce ba yau ba.

Talata, 14 ga Janairu, da hantsi

Daga tagar kicin ina hango sandar tutar gidansu. Ba a ɗaga tuta zuwa rabi ba, yadda ake yi a nan in an yi rasuwa, sandar tana nan haka. Sindre yana da rai ke nan. Alhamdu lillahi.

Alhamis, 16 ga Janairu, bayan Magariba

Yau ranar rukunin zumunci ce, a gidan su Mats. Na so in hana Ilwad zuwa, sai na tuna abin da mu iyaye muka amince da shi tun suna aji ɗaya. Yara biyar-biyar, makaranta ce take haɗa su ba su suke zaɓa ba, duk bayan mako uku su tafi gidan ɗayansu in an tashi. Ba a cire kowa, ba a fashi sai da ciwo.

Ta dawo ta zauna a ƙasa da takalmanta a ƙafa. Na ce yaya wasa. Ta ce, "Kowa ya yi mini kirki." Na ce ai alheri ne.

Ta ce, "Mama, sun bar ni na ci kowane wasa. Har Mats, da ko kakarsa ba ya bari ta ci shi. Babarsa ta ba ni wainar ƙarshe, ba wanda ya yi gardama." Ta cire takalmi ɗaya. "Ni ba na son irin wannan kirkin."

A rukunin nan na san Torunn. Karon farko da layi ya zo kaina, yini guda na yi ina girki. Da ta zo ɗaukar Vilde ta tsaya a ƙofar kicin ta dubi tebur ta ce, "Wa ake aurarwa?" Na ce ba kowa, baƙi na yi. Ta ce, "Baiwar Allah, 'yan shekara shida ne fa. Gaba gidana za su zo, kuma burodi da cuku zan ba su. So kike su raina ni?" Ta ja kujera ta zauna ba wanda ya ce ta zauna, ta ci samosa har na ji kunyar kallonta, ta ce in ƙulla mata saura ta kai wa mijinta Halvard, ya san akwai matan da suka iya girki a duniya. Washegari ta kawo mini tsohon ƙarfen wainarta, irin wainarsu mai ramuka, ta ce, "Wannan da madara, shi ke nan. In na ƙara jin ƙanshin nama ranar Alhamis sai na kai ƙararki wurin hedimasta." Ita ta fahimtar da ni cewa a nan sauƙaƙa liyafa ma kara ce, don kada uwar da ke biye ta ji nauyi.

Tun rasuwar baban su Guled ba wanda ya shigo kicin ɗina haka, ba shakka ba ɗari-ɗari.

Layi na gaba namu ne, 6 ga Fabrairu.

Asabar, 18 ga Janairu, bayan Azahar

A zauren iyayen aji na waya wata ta rubuta, "Muna tare da ku, Torunn da Halvard." Kowa ya bi da hoton jar zuciya. Na rubuta saƙo mai tsawo na goge. Na rubuta "Allah ya ba shi lafiya", sai na tsaya tunanin ko za ta ji kamar ina jingina wa Allah abin da hannun wani ya riƙe sitiyarinsa. Na goge. Daga ƙarshe na aika zuciyar kamar kowa. Tawa ta shige cikin sauran, ba mai iya bambanta ta.

A makarantar allo malaminmu ya sa mun haddace haƙƙin maƙwabci da haƙƙin mara lafiya, yana buga sanda a ƙasa a kan kowane ɗaya. Ban tuna inda ya ce a danna waya da babban yatsa ba.

Lahadi, 19 ga Janairu, da hantsi

Sanda tana nan haka. Guled ya sha rabin kofin shayi.

Talata, 21 ga Janairu, bayan La'asar

Vilde ta koma makaranta. Rabin yini take yi, ana kawo ta bayan an shiga aji, a tafi da ita kafin a tashi.

Da suka shiga da safe sun tarar an sauya wa kowa wurin zama. Oddny ta ce lokacin sauyi ne ya yi. Ilwad tana bakin taga, Vilde tana bakin ƙofa. Ilwad ta ce, "Ba lokacin ba ne, Mama. Sai bayan hutun hunturu ake sauyawa. Kowa ya sani."

Akwai bencin nan mai launin ruwan ɗorawa a filin wasa, wanda 'yan aji bakwai suka yi wa fenti. Duk yaron da ya rasa abokin wasa ya hau ya zauna, wanda ya gan shi kuma dole ya je ya kira shi. Ilwad ba ta taɓa zama a kansa ba, har tsokanar masu zama take yi sai na tsawatar. Yau ta zauna. Kaja ta zo, ta ce a'a. Piotr ya zo, ta ce a'a. 'Yan aji bakwai masu shirya wasanni suka zo da igiyar tsalle da ƙwallo. Malamin da ke tsaron fili ya zo ya durƙusa a gabanta cikin dusar ƙanƙara. Har aka kaɗa ƙararrawa tana zaune.

Na ce, "To ke da kowa ya kira ki, me ya hana ki tashi?"

Ta ce, "Ba su nake jira ba."

Ashe Vilde tana ciki, an bar ta a ɗakin karatu tare da mai taimaka wa malama, wai ta huta da hayaniya.

Wandonta ya jiƙe har ciki. Na shanya a kan bututun ɗumama ɗaki. Yanzu haka yana ɗiga.

Alhamis, 23 ga Janairu, ƙarfe biyu na rana

An kira ni makaranta. Oddny da hedimasta, da kofi, da kyandir a kunne a tsakiyar tebur. Suna da kirki ƙwarai. Sun tambayi lafiyata, sun tambayi lafiyar Guled da sunansa, ba su kauce wa sunan ba, na gode musu da wannan a raina.

Sannan hedimasta ya ce za a sake rabon rukunonin zumunci na aji huɗu gaba ɗaya, daga wata mai kamawa. Ya ce sabon haɗi yana buɗe wa yara sababbin ƙofofi. Ya tura mini takarda. Ilwad tana tare da yara huɗu da ba ta cika shiga harkarsu ba. An matsar da ranar gidanmu zuwa watan Mayu.

Na ce, "Torunn ce ta nema?"

Suka dubi juna. Oddny ta ce, "Ba wanda ya nema, Deka. Mu ne muka ga zai fi sauƙi ga gidajen biyu. Ba ma so wata uwa ta shiga halin da sai ta ce a'a."

Hedimasta ya ce, "Kuma duka ajin muka taɓa, don kada wani ya ji shi aka nufa."

Yara ashirin da wani abu aka tayar daga wurarensu don kada 'yata ta gane ita aka nufa. Ta gane tun ranar Talata.

Na ce na gode. Har sau biyu na faɗa. Na shanye kofin don kada su ga na bar shi. A hanya na yi ta jin haushin bakina.

Juma'a, 24 ga Janairu, bayan La'asar

Yaya Timiro ta zo. Ba ciki ɗaya muka fito ba, amma jirgi ɗaya ya sauke mu a ƙasar nan, tun daga ranar take gabana. Ta buɗe firij ta ga tukunyar shinkafar nan da na kasa ci na kasa zubarwa.

Ta ce, "Wannan fa?"

Na gaya mata.

Ta ce, "Inna lillahi. Ke Deka, har yau ba ki taka gidan matar nan ba? Matar da ta kwana biyu a gidanki lokacin da aka yi miki aiki?"

Na ce, "An ce in ba su sarari, Yaya."

"Wa ya ce?"

"Malamar su Ilwad."

"Malamar su Ilwad ce ta yi miki tarbiyya? Sannu 'yar ƙasa. Saura ki sayi kare ki riƙa yawo da shi a daji ranar Lahadi."

Na ce ba ta san su kamar yadda na san su ba. Na tuna mata ranar da ta je gaisuwar rasuwa gidan maƙwabcinta da mata shida a bayanta, mutumin ya tsaya a bakin ƙofa, ya ɗauka wani abin ne ya sake faruwa.

Ta ce, "Ya ji tsoro, amma ya buɗe. Har gobe shi yake share mini ƙanƙarar ƙofar gida. Ke kin koyi ladabinsu har kin fi su. In ta kore ki, ta kore ki, kin dai sauke nauyi."

Na ce, "Ba korar nake tsoro ba."

"To me?"

Tsorona shi ne kada Torunn ta buɗe ƙofa ta dube ni, ta ga uwar wanda ya fito ba ko ƙwarzane.

Yaya ta zubar da shinkafar da kanta, ta wanke tukunyar tana mita. Ta ƙwanƙwasa wa Guled ta ce, "Kai, uwarka ce ta biyu, buɗe ko in ɓalla." Ya buɗe. Ta daɗe a ciki. Da ta fito ba ta sake yi mini faɗa ba.

Asabar, 25 ga Janairu, da hantsi

Guled ya fito kicin. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya tsaya a bakin taga, daidai inda nake tsayawa, ya dubi inda nake duba. Ashe shi ma ta tagar ɗakinsa yake dubawa.

Ya ce, "Mama, babar Sindre ta ce wani abu?"

Na ce a'a.

Ya ce, "Da ni da shi muka yi gardamar wa zai tuƙa. Ni na ci."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan tun ranar hatsarin. Lauya ya ce kada ya nemi kowa a gidan har sai 'yan sanda sun gama aikinsu. Na kira lauyan na tambaye shi ko har da ni. Ya ce ba dokar da ta hana ni, amma shi da zai ba ni shawara, da na dakata. Kowa shawararsa ɗaya.

Litinin, 27 ga Janairu, ƙarfe takwas na safe

Ilwad ta ce cikinta yana ciwo. Ba zazzaɓi. Na bar ta a gida, na kira gidan tsofaffi na ce ba zan samu zuwa aiki ba.

Talata, 28 ga Janairu, ƙarfe takwas na safe

Ciki yana ciwo. Na ce yau kam sai an je. Ta sa kaya ba musu. Da ta yi musu da ya fi mini.

Na ga takardun aikin gidan Vilde a ƙasan jakarta, sun lanƙwashe. Har yau ba ta samu ta ba ta ba.

Laraba, 29 ga Janairu, da hantsi

Sanda tana nan haka. Na karanta abin da ya sawwaƙa na roƙa wa Sindre sauƙi. Ban san ko Torunn za ta so addu'ata ba. Ban tambaya ba, wannan kam ba sai da izini ba.

Alhamis, 30 ga Janairu, bayan Magariba

Zan rubuta yadda Ilwad ta faɗa.

Yau Vilde ta yi cikakken yini. Sun sauya kujeru, sun sauya rukuni, amma sun manta da maratayin riguna. Tun aji ɗaya na Ilwad yana jikin na Vilde. Da aka tashi suka haɗu a wurin, kowa tana neman safar hannunta.

Vilde ta ce mata, "Kin daina ƙawance da ni ne?"

Ilwad ta ce, "An ce in ba ki sarari."

Vilde ta ce, "Ni ma an ce in ba ki."

Suka zauna a ƙasa cikin takalman mutane. Ilwad ta ba ta takardun, ta ce ta yi dariyar kyanwar, wai ta fi kama da tunkiya. Sannan Vilde ta ce, duk ranar da babarta ta dawo daga asibitin birni, kafin ta cire riga sai ta tambayi babanta, "Deka ta zo?" Sai ya ce a'a. Sai ta ce, "To." Sai ta hau sama.

Ilwad ta faɗa mini wannan tana tsaye a tsakiyar kicin da jakarta a baya. Ta ce, "Mama, me ya sa ba ki je ba?"

Na ce, "Na ɗauka haka suke so."

Ta ce, "Ke kika ce mini in mutum ba shi da lafiya ana zuwa. Kin sa na je gaida Mats da ya karye, kuma ba na ma shiri da shi lokacin."

Na zauna. Ita ce ta ɗora ruwan shayi.

Deka ta zo. Deka ta zo. Tun ɗazu nake jin tambayar da muryarta.

Juma'a, 31 ga Janairu, bayan Azahar

Na je.

Ban dafa komai ba, na ji in na tsaya girki zan sake samun dalilin fasawa. Na bi ta hanyar gada, karon farko tun hatsarin. Ban dubi gefen da ƙarfen ya lanƙwashe ba.

Gidan a rufe, babu mota. Na danna ƙararrawa duk da haka. Tsohon da ke maƙwabtaka da su yana share ƙanƙarar ƙofarsa da shebur, ya ɗago ya ce, "Ba sa nan. Jirgin fito na farko suka bi. An kira su daga asibiti."

Na ce, "Lafiya dai?"

Ya ce, "Ban tambaya ba."

Na ce yarinyar fa. Ya ce tana wurin kakarta.

Muka tsaya. Ya san ko ni wace ce, duk garin an sani. Na roƙe shi aron shebur ɗin. Ya ce ai ya riga ya share musu da safe. Na ce an sake zubowa. Ya miƙo mini. Na share matakala, na share hanyar zuwa akwatin wasiƙu, na share wurin ajiye mota har na ji bayana zai tsage. Da na mayar masa ya duba aikin ya ce, "Kin bar gefe ɗaya." Sai ya karɓa ya ƙarasa da kansa. Ya ce, "Zan gaya mata kin zo."

Ban sani ba ko zai tuna. Tsoho ne ƙwarai.

Asabar, 1 ga Fabrairu, bayan La'asar

A kanti babar Kaja ta ce ta ji an fara farkar da Sindre a hankali, har ya matsa hannun uwarsa. A bakin ƙofar kantin wata ta ce ita ta ji likitoci sun ce kada a sa rai da yawa. Ban san wadda zan riƙe ba. Ta farkon na kawo wa Guled. Allah ya yafe mini in na yi gaggawa.

Ya kifa kansa a tebur. Daga baya ya ci burodi.

Lahadi, 2 ga Fabrairu, da hantsi

Akwai mota a ƙofarsu. Sanda tana nan haka. Na sa mayafi na cire. Na ce wa raina jiya suka dawo, su huta. Na san wannan muryar, ita ce ta zaunar da ni tun farko. Na sake sawa na fita. Kafin in kai gada na hango motar tana gangarawa wajen jirgin fito.

Litinin, 3 ga Fabrairu, ƙarfe goma na safe

Na sami Oddny kafin a shiga aji. Ban yi shirin abin da zan faɗa ba.

Na ce, "Oddny, Alhamis ɗin nan ta gidanmu ce. Tun farkon shekara aka rubuta. Ina so in yi ta, da yaran da aka rubuta."

Ta ce, "Deka, sabon rabo ya riga ya fara."

Na ce, "Na sani. Na gode muku ranar, kuma ban kyauta ba, don ba godiya ce a raina ba. Kun yi don alheri. Amma ba ku tambayi Torunn ba, ba ku tambaye ni ba, ba ku tambayi yaran ba. Shekara huɗu kuna koya musu ba a cire kowa. Sun yarda da ku."

Ban ɗaga murya ba, amma na ga wuyanta ya yi ja. Ta ce, "Tsoro na ji. Na yi ta hango Vilde a ƙofarki, ko a ce ranar ta zo ba wanda ya zo." Ta share ido da bayan hannu. "Ba zan iya tilasta wa kowa ba. In iyayen tsohon rukunin sun yarda, ni zan yi wa hedimasta bayani."

Na kira su da baki, ban aika saƙo ba. Babar Kaja ta ce za ta zo. Baban Piotr ya ce, "Ai tun jiya yake tambaya ko akwai waina." Babar Mats ta ce, "Guled zai kasance a gida?"

Na ce, "Gidansu ne."

Ta ce za ta yi shawara da mijinta. Ban ji haushinta ba. Na ji ciwo dai.

Litinin, bayan La'asar

Torunn, yanzu da ke nake.

Ban zo ba lokacin da ya kamata in zo. Na ɗauka kara nake yi miki, kuma akwai tsoro a ciki, kin gani a sama. Ba na neman ki yafe wa kowa komai yanzu. Abin da ke tsakanin gidana da gidanki ya fi ƙarfin takarda, kuma ba a gama shi ba, mai yiwuwa ba za a gama ba.

Roƙona ƙarami ne, ko da yake na san a wurinki ba ƙarami ba ne. Ki bar Vilde ta zo gidanmu ranar Alhamis in an tashi. Ni zan ɗauko su daga makaranta, da ƙafa. Zan rako miki ita har ƙofa kafin ƙarfe biyar, ko in kai ta gidan kakarta in kina birni.

Ba zan ɓoye miki ba, Guled yana gida. Da ya ji abin da babar Mats ta tambaya, ya ce in kina so zai tafi gidan Yaya Timiro tun safe, ba zai dawo ba sai yara sun watse. Shi ya faɗa, ba ni na sa shi ba. Ban ce masa e ba, ban ce a'a ba. Na bar miki.

Ilwad ba ta san na rubuto miki ba. Ta san dai na je makaranta, tun da ta dawo take bi na da ido, ta kasa tambaya. Zan saka wannan a akwatin wasiƙunku yanzu kafin duhu ya yi.

Don Allah ki amsa mini kafin Laraba da yamma. In a'a ce, ki rubuta a'a kawai, ba sai kin ba da dalili ba, ni zan gaya wa Ilwad da bakina. In kuma kin fi so in zo in ji amsar a ƙofarki, ki ce in zo.

Deka